Ƙwayar Alkama a Romon Hinde

A ƙaramin garin nan da ke kan hanyar Vilna, da zarar ƙanƙara ta fara narkewa tituna suka cika da taɓo, matan Yahudawa ba sa ƙara samun zama. Idin Ƙetarewa ya matso. Sai a fitar da katifu a bubbuge, a kankare tebura da tafasasshen ruwa, a zazzage aljihun riguna, a bi littattafai shafi-shafi, don kada ko ɓurɓushin burodi ko ƙwayar hatsi guda ta kwana a gida. Kwanakin Idi ba a cin abu mai yisti, ba a kuma ajiye shi.

A gidan Reb Zalman mai fataucin fata, duk wannan aikin a wuyan Hinde yake.

Hinde ƙanwar matarsa Peshe ce. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, bai bar mata ɗa ba, bai bar mata ɗaki ba. Peshe ta je ta ɗauko ta da akwatinta da tukunyar tagulla ta Idi da ta gada a wurin uwarsu, ta ba ta gado a bayan murhu, ta ce ta ɗan zauna kafin a ga yadda za a yi. Ba a taɓa ganin yadda za a yin ba. Hinde ta yi renon 'ya'yan Peshe har ta aurar da su, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, tana nan a bayan murhu.

Idan baƙi suka zo suka gan ta da tsumma a hannu, Peshe takan yi dariya ta ce, "Ƙanwata ce fa, ba 'yar aiki ba. 'Yar aiki ai tana da ranar hutu."

Duk garin an san romon kazar da ake yi a gidan ranar Idi, da curin garin gurasar Idi marar yisti da ke yawo a cikinsa, masu laushi kamar ba za su kai baki ba su narke. Sunansa romon Peshe. Idan mata suka tsare ta a bakin majami'a suna tambayar sirrinsa, sai ta ɗaga hannuwanta masu zobba ta jujjuya, ta ce, "Hannu ne kawai." Hinde tana bayanta riƙe da littafin addu'arta, ba ta taɓa cewa ita ke dafa shi ba.

A ƙarshen sanyin wannan shekarar iska ta fasa gilashin tagar madafa, aka kira Getsel mai gilashi. Mutum ne dogo mai ɗan doro, yatsunsa duk tabon yanka, matarsa ta rasu da daɗewa, yana zaune da gwaggonsa Tsirel wadda ta rene shi. Ya tsaya yana auna taga, Hinde tana soya albasa a kitsen agwagwa. Ya daɗe yana aunawa.

"Tagar ta ƙara girma ne tun shigowarka?" in ji Hinde.

Kunnuwansa suka yi ja. "Ƙamshin ne ya hana ni lissafi."

Ta zuba masa ƙanzon fatar agwagwa a kan burodi, ya ci a tsaye, ya yi godiya kamar an ba shi gida. Bayan nan ya yi ta dawowa duba ko gilashin ya zauna daidai. Gilashin ya zauna, amma ya ci gaba da zuwa. Yakan ba ta labarin coci-cocin ƙauye da yake sa wa gilasai masu launi, da yadda haske ke zubowa ja da shuɗi a kan hannunsa. Ita kuma ta tarar tana gyara ɗankwali idan ta ji takunsa.

Ana saura kwanaki kaɗan Idi, Reb Zalman ya dawo daga majami'a, ya zauna cin abinci, ya ce da matarsa ba tare da ya ɗago ba, "Getsel ya yi mini magana a kan Hinde."

Hinde tana tsaye da tulun ruwa.

Peshe ta ajiye cokali a hankali. Ta dubi ƙanwarta tun daga ɗankwali har takalmi, ta daɗe tana dubanta, sannan ta yi murmushi.

"To madalla. Ashe da sauran rabo. Maigida, ka gayyace shi abincin rana a ranar farko ta Idi. Ya zo da gwaggonsa, tunda kowa ya san ko atishawa ba ya yi sai ta yarda. Su zo su ga gidan da za su ɗauki mata."

Daga ranar Peshe ta canza. Ta daina kiran Hinde daga ɗaki don ta miƙo mata abin da ke gabanta. Ta buɗe akwati ta fito da shuɗiyar rigarta mai maɓallan azurfa ta ce Hinde ta rage mata ƙugu ta sa. Har da cewa ta zauna ta sha shayi tare da ita. Da farko Hinde ta yi ɗari-ɗari, don ta san yayarta. Amma mutumin da ya daɗe bai ji magana mai daɗi ba ba ya iya tsare kansa daga gare ta. Kafin jajibirin Idi ta fara jin kunyar zargin da ta yi.

Ta yi shirin romon yadda ta saba, sai dai bana ta ninka kula. Ta daka busasshiyar gurasar Idi a turmin da ba a taɓa shi sai wannan makon, ta tankaɗe garin, ta sake tankaɗewa, ta baza shi a farin ƙyalle a gaban taga tana bi da yatsa. Ta kai tsohuwar kaza mai kitse wurin mai yanka. Da ta dawo ba ta fiɗe ta a cikin gida ba. Can bayan shinge ta je, ta cire jakar wuya inda hatsi ke taruwa, ta cire ƙundu, ta jefa su rami ta rufe da ƙasa, ta wanke cikin kazar har ruwan ya fita fari tas. Sannan ta jiƙa ta, ta barbaɗe ta da gishiri don jinin ya fita, ta ɗauraye. Ta san labarin matan da ƙwayar hatsi ta maƙale musu a cikin kaza ta ɓata musu Idi. Ba za a ba da nata labarin ba.

Ranar farko ta Idi, da maza suka tafi majami'a, ta ɗora tukunyar uwarsu a kan wutar da ta kwana. Kazar ta shiga a ruwan sanyi. Hinde ta tsaya a kanta da ludayi tana kwashe kumfa har ruwan ya yi garau, sannan ta saka albasa da ɓawonta don romon ya yi launin zinariya, da karas, da farar saiwa mai ƙamshi. Ta janye itace har tukunyar ta koma ɗan motsi kawai. Ta fasa ƙwai ta kaɗa da kitsen agwagwa, da gishiri, da masoro, ta zuba ɗan romo, ta yayyafa garin gurasa tana juyawa da hannu har ƙullun ya yi yadda yatsunta suka sani. Ta kai shi baranda ya sha sanyi.

Saura ran curin. Mutanen wannan yanki ba sa yin curi fanko. Akan soya ɗan gari a kitse da kirfa har ya yi ja, a ɓoye kaɗan a tsakiyar kowane curi, shi ake kira rai. Mai ci yakan raba curinsa biyu da cokali ya ga ran kafin ya kai baki.

Tana cikin mulmulawa da jiƙaƙƙen hannu, tana danna rai da babban yatsa tana rufewa, tana sakawa a romon ɗaya bayan ɗaya, sai ga Peshe ta shigo madafa. Rabonta da shiga wurin da safe har an manta.

"Har yanzu kina nan? Sun kusa tasowa. Dubi fuskarki, kamar wadda ta kwana a tukunya. Je ki wanke, ki sa rigar."

"Saura kaɗan, Yaya. Ƙullun bai fi na curi ɗaya ba."

"To ni ba ni da hannu ne? Uwa ɗaya ta koya mana." Peshe ta zare zobbanta ta ajiye a kan taga. "Je ki. Ki bar ni in yi miki abu ɗaya a rayuwata."

Maganar ta taɓa Hinde. Ta goge hannu ta fita.

Da ta dawo cikin shuɗiyar riga, Peshe ta riga ta mayar da zobbanta. A cikin tukunyar, tsakanin curin Hinde masu girman ƙwai, akwai wani ƙato mai karkataccen gefe yana juyi.

Hinde ta yi dariya. "Yaya, wannan ai dunƙulen hannu ne."

"Na baƙo ne. Namiji ne, a ba shi babba."

Baƙi suka iso tare da Reb Zalman. Getsel ya sa baƙar kwat da ta ɗan yi masa gajarta a hannu, ya taje gemu. Gwaggo Tsirel 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai baƙin gyale, idonta kamar na kaza mai neman tsaba. Kafin ta zauna sai da ta shafa yatsa a ƙarƙashin tebur ta duba. Ta ɗaga faranti ta leƙa bayansa. Ta tambayi Hinde sunan mahaifinta da na kakanta, da ciwon da ya kashe mijinta, da ko haƙoranta duk nata ne. Getsel ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa.

Reb Zalman ya yi addu'a a kan ruwan inabi, aka wanke hannu, aka karya gurasa, aka ci kifi. Sai Peshe ta miƙe ta ce yau ita za ta raba romo da kanta, Hinde ta zauna kamar kowace mace. Ta zuba wa kowa, ta ɗora ƙaton curin a kwanon Getsel. Ba ta koma kujerarta ba. Ta tsaya a bayan ƙanwarta ta dafa kafaɗarta.

"Kafin ku sha, akwai maganar da ta daɗe tana damuna," in ji ta. "Duk garin nan ana cewa romon Peshe. Ni kuma ina amsawa. Yau a gaban baƙi zan faɗi gaskiya. Ban taɓa dafa shi ba. Na Hinde ne. Ita ta daka gari, ita ta tankaɗe, ita ta gyara kaza, ita ta mulmula. Tun daga farko har ƙarshe, babu hannun kowa a tukunyar nan sai nata."

Hawaye suka cika idon Hinde. Shekara da shekaru ta yi tana jiran wannan maganar, har ta daina jira. Ta kama hannun da ke kafaɗarta ta matse. Ba ta ma tuna da curin ƙarshe ba.

Aka fara sha. Gwaggo Tsirel ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta raba curinta ta duba ran, ta ci rabi.

"Gishirin ya ɗan yi baya," ta ce. Ta cinye sauran rabin. "Amma ba laifi. Na ci wanda bai kai shi ba a gidan malaminmu Rabbi."

Getsel ya ɗago ya dubi Hinde, fuskarsa ta washe. Ya shanye rabin romonsa kafin ya taɓa curin, kamar yaro mai ajiye nama sai ƙarshe. Sannan ya sa gefen cokali ya raba shi.

Cokalin ya tsaya.

A tsakiyar jan garin kirfa akwai wani abu fari-fari mai tsagi. Ya kumbura da ruwan zafi, bakinsa ya fashe. Duk wanda ke teburin ya san ƙwayar alkama in ya gan ta.

Gwaggo Tsirel ta ɗauki adiko ta tofar da abin da ke bakinta, ta naɗe shi, ta ajiye nesa da ita. Reb Zalman ya ɗauki kofi ya kifa a kan curin, don ranar Idi ba a taɓa irin wannan da hannu.

"Na tankaɗe," in ji Hinde. Muryarta ta fito siririya. "Sau biyu na tankaɗe. Kazar ma a waje na..."

"Maigida, sai ka je wurin Rabbi," in ji Peshe.

"Na san hukuncin. Ba sai an je ba."

"A gidana ba a yanke hukuncin Idi da ka. Ka je ka tambaya. Getsel ya raka ka, tunda shi ya gani."

Reb Zalman ya dube ta na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki hularsa. Lokacin kowa yana tebur a gidansa da taga a buɗe. Maza biyu suna ratsa gari da tsakar ranar Idi zuwa gidan Rabbi, ba a buƙatar mai shela.

Aka bar mata uku da romon yana hucewa, kitsen yana daskarewa a samansa.

"Na haura saba'in," in ji Gwaggo Tsirel, ba ta ɗaga murya ba. "Na yi Idi a shekarar yunwa, na yi Idi sojoji suna kwana a zaurenmu. Haram bai taɓa shiga cikina ba sai yau, da na zo neman wa ɗana mata."

"Don Allah kada ki ga laifinta, Gwaggo," in ji Peshe, ta sake dafa kafaɗar Hinde. "Ba da gangan take yi ba. Tun rasuwar mijinta hankalinta kan ɗan yi tafiya ya dawo. Wata rana ta zuba madara a tukunyar nama, abin da addini ya hana, wata rana ta bar kyandir kusa da labule. Ni nake bin bayanta ina gyarawa, ban taɓa gaya wa kowa ba, ƙanwata ce. Yau ne kawai na ce bari in sakar mata komai, ku ga hannunta. Laifina ne."

Hinde ta juya ta dubi fuskar yayarta. Babu madarar da ta taɓa zubawa, babu kyandir. A nan ne ta tuna da zobban da aka zare aka ajiye a kan taga.

Reb Zalman ya dawo shi kaɗai. Rabbi ya tambaya ko ƙwayar ta fashe, aka ce ta fashe. To alkamar da ta jiƙa ta fashe daidai take da yisti, romon duka ya haramta, da curin, da kazar. Tukunya da ludayi da kwanoni da cokula su fita daga kayan Idi. A rufe komai a ajiye gefe har ranakun tsarki su wuce, sannan a ƙone na ƙonawa.

"Ina Getsel?" in ji Gwaggo Tsirel.

"Yana bakin ƙofa yana jiranki."

Tsohuwar ta ja gyalenta ta fita ba sallama. Hinde ta ruga madafa ta leƙa ta taga. Yana tsaye a bakin shinge, hannuwansa a baya, yana kallon taɓon da ke takalminsa. Bai ɗago ya dubi gidan ba. Ya miƙa wa gwaggonsa hannu suka tafi.

Da la'asar Reb Zalman ya kwanta. Hinde tana zaune a kan gadonta a bayan murhu, har yanzu da shuɗiyar rigar, sai Peshe ta shigo ta ɗauki dafaffen ƙwai ta zauna tana ɓarewa.

"Cire rigar kafin ki ɓata ta da hawaye."

"Ke kika sa ta, Yaya."

"Rigar?"

"Alkamar."

Peshe ta barbaɗa gishiri a kan ƙwan ta ciza. Ta tauna sosai kafin ta amsa.

"Getsel ɗaki biyu gare shi, ɗaya na tsohuwar ne. Da kin je, ki wanke mata ƙafa, ki kwashe mata fo, ta riƙa ƙirga miki haƙora. Nan kina da ɗumi, kina da abinci. In ma ni ce, gata na yi miki."

"Kin ciyar da mutane haram ranar Idi. Kin ci da bakinki."

"Ni? Ko ɗanɗanawa ban yi ba. Ba ki lura ba? Ina ta hidimar baƙi." Ta share yatsunta. "Su kuma ba su sani ba, wanda bai sani ba babu zunubi a kansa. Na yi tunanin komai, Hinde. Ba irin ki ba ce ni."

"Zan faɗa."

"Faɗa mana. Ki ce matar Reb Zalman, wadda ke zama a sahun gaba a majami'a, ta ɓoye alkama a gidanta ranar Idi. Ki ce yayarki da ta ɗauke ki daga titi, ta tufatar da ke, ta miƙe a gaban baƙi ta yabe ki, ita ce ta yi miki wannan. Ki faɗa, sannan ki nemi inda za ki kai akwatinki." Ta miƙe. "Ki dafa dankali da yamma. Maigida bai ƙoshi ba."

Washegari Hinde ta sami Reb Zalman shi kaɗai yana karatu. Ta tsaya a gefensa har sai da ya gaji da yin kamar bai gan ta ba.

"Reb Zalman, ka san ni. Ka ci abincina shekara nawa. Ka san ba ni ba ce."

Bai ɗaga ido daga littafin ba. Ya juya shafi. Daga yadda ya ƙi dubanta ta gane ya sani tun a tebur.

"Abin da ya faru ya faru," ya ce. "Gida yana son zaman lafiya. Kawo mini shayi."

Kafin Idi ya ƙare labarin ya gama gari, ya kuma yi ƙiba a hanya. Wasu suka ce ƙwaya uku aka samu, wasu suka ce tafin hannu guda. Matan da suka yi shekaru suna jin haushin romon gidan Zalman suka sami abin taunawa. A bakin rijiya wata ta ce, "Hinde, bana za ki yi shuka ne ko sai baɗi?" Sauran suka kwashe da dariya. Tukunyar tagullar kuwa, Peshe ta ce tunda ta fita daga kayan Idi, a riƙa jiƙa wanki a ciki.

Bayan Idi Hinde ta yafa gyale ta tafi shagon Getsel. Ta same shi yana yanka gilashi a kan tebur. Da ya gan ta ya ajiye abin yankan, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Na san ba da gangan kika yi ba," ya ce da sauri. "Na gaya wa Gwaggo. Amma ta yi azumi a kan abin, ta kwanta ciwo. Ta ce in na kawo ki gidan, ba za ta ƙara cin abin da aka dafa a ciki ba. Tsohuwa ce, Hinde. Ita ta rene ni."

"Ba kuskure ba ne. Ba kuma ni ba ce."

"To wa?"

Ta yi niyyar yin shiru. Amma ya dube ta da irin idon da yake dubanta a madafa, sai ta faɗa. Ta ba shi labarin zobban da curin ƙarshe, da yadda Peshe ba ta kai cokali baki ba. Tana magana tana ganin fuskarsa tana rufewa.

"Yayarki?" ya ce. "Matar da ta tsaya tana roƙon Gwaggo ta yafe miki?" Ya girgiza kai a hankali. "Da Gwaggo ta ce mini hankalinki kan yi tafiya, ban yarda ba. Na ce sharri ne na masu magana. Hinde, kuskure kowa yana yi. Amma wannan da kika faɗa yanzu, ki nemi gafara a kansa. Ba zan gaya wa kowa ba, na yi miki alkawari."

Ya ɗauki abin yankansa. Ta tsaya kaɗan tana jin ƙarar ƙarfe a kan gilashi, sannan ta fita.

Da bazara aka sa ranar auren Getsel da wata bazawara daga garin gaba, 'yar mai sayar da kyandir, wadda Gwaggo Tsirel ta zaɓo. Peshe da kanta ta je yi musu murna, ta dawo da fara'a.

"Na ce musu za ki je ki taya su aikin biki, kada a ce muna riƙe da wani abu a zuci. Tsohuwar ta ce ba za ki matsa kusa da tukunya ba. Amma na roƙa miki, ta yarda ki fige kaji."

"Ba zan je ba."

"Za ki je. In ba ki je ba, za a ce har yanzu kina son sa. A shekarunki."

Ta je. Aka ba ta kujera 'yar tsugunno a bayan gida kusa da juji, aka tara mata kaji a gabanta. Daga ciki tana jin masu goge suna gwada kiɗa, tana jin ƙamshin romon da wata take dafawa, ta kuma san daga ƙamshin cewa wutar ta yi yawa, zai fito da duhu. Duk matar da ta zo karɓar kaza sai ta buɗe cikinta ta leƙa a gaban Hinde, ta sa yatsa ta laluba, sannan ta wuce. Ɗaya daga cikinsu, yarinyar da Hinde ta taɓa koya wa murɗa burodin Asabar, ta ce, "Kada ki ji haushi, Inna Hinde, umarnin Gwaggo ne." Ta laluba ita ma.

Ango ya wuce sau ɗaya ta bayan gida yana neman wani abu. Ya gan ta, gashin kaji ya manne mata a hannu da gira. Ya ɗan sunkuyar da kai irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka sani a kasuwa, ya koma ciki.

Ba ta tsaya cin abinci ba, ba a kuma ce ta tsaya ba. Ta tattara lallausan gashin a buhu, don Peshe ta ce ta taho mata da shi za ta ƙara wa matashinta. Ta bi ta bayan gari don kada ta haɗu da masu rakiyar amarya.

Peshe tana zaune a baranda tana shan iska. Ta karɓi buhun, ta ɗaga shi ta jijjiga a hannu, ta buɗe ta leƙa.

"Duk kajin nan, ɗan wannan kika samo?" ta ce. "To shiga ki hura wuta. Maigida ya kusa dawowa."